Wane Ne Ya Rubuta Littafin Nan?

Wani ɗan'uwa, malamin makaranta, ya rubuto mana wasiƙa a watan jiya. Ya ce shekara 3 ke nan yana fama da wani ɗan littafi a kan tarbiyyar yara, bai wuce babi na 4 ba. Sai ƙanensa ya nuna masa wani inji a cikin wayar hannu, wanda in ka gaya masa kan magana zai zubo maka babi guda kafin ruwan shayi ya tafasa. Ya gwada, abin kuwa ya fito sumul. Yanzu yana tambaya, in ya bar injin ya ƙarasa masa sauran babi 6, sa'an nan ya sa sunansa bisa bangon littafin, ya yi laifi ko bai yi ba?

Mun daɗe da wasiƙar nan a hannu kafin mu amsa, gama tambayar ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk mai-rubutu, da mai-gyaran rubutu, da mai-sayen littafi a kanti, tana gabansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu fara da injin kansa, domin waɗansu suna tsammani aljani ne, waɗansu kuma suna tsammani ya san kome. Masu-labarun rediyo suna ce da shi ƙirƙirarriyar basira. Wanda ya fi suna a cikin irinsa shi ne ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar ran 30 ga Nuwamba 2022. Akwai kuma waɗansu kamar Gemini da Claude. Yadda a ke yinsa ke nan. A kan tara rubutu mai-yawan gaske, na littattafai da jaridu da abin da ke cikin intanet, a ɗura wa kwamfuta. A ɓoye mata kalmar da ke gaba, ta yi tsammani. In ta kuskure a daidaita ma'auninta, ta sake. Haka a ke yi sau da yawa har ba shi ƙidayuwa, har ta gwanance da sanin wace kalma ta kan bi wace. Daga baya mutane su hore ta ta iya amsa tambaya da ladabi. Ku ɗauka yaro ne da ya yi shekaru yana zaune a ƙofar kotu yana sauraron alƙalai. Maganar shari'a ta zauna a bakinsa daram, in ya buɗe baki sai ka ce muhuti. Amma gonar da a ke jayayya a kanta bai taɓa taka ta ba, in kuwa ka tambaye shi iyakarta zai gaya maka, da murya irin ta wanda ya sani.

Wannan ba zato ba ne. A watan Mayu 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta birnin Shikago ta buga sunayen littattafai 15 waɗanda ta ce sun kamata a karanta a lokacin hutu. Mutane suka tafi nema, ashe 5 kaɗai ke akwai a duniya. Sauran 10 inji ne ya ƙaga su, ya laƙa wa marubuta na gaske, har da bayanin abin da ke cikinsu. Mutumin da ya shirya jerin ya amsa cewa bai bincika ba. Kafin wannan, a 2023, wata ƙungiyar masana laimar kwaɗi ta birnin Niyu Yok ta yi gargaɗi a kan waɗansu littattafai da ke kasuwar Amazon, masu koya wa mutane wace laimar kwaɗi a ke ci, wace ce ke kisa. Alamu sun nuna inji ne ya rubuta su. Mu nan ba mu cika cin abin nan ba, amma ku sa littafin maganin gargajiya a madadinsa, ko na awon maganin feshi a gona, za ku ga nauyin al'amarin. A shekarar nan kuma, cikin watan Fabrairu, wata mujallar hikayoyi ta Amurka mai-suna Clarkesworld ta rufe ƙofar karɓar rubutu na ɗan lokaci, domin labarun inji sun yi wa editanta ambaliya, ɗaruruwa cikin wata guda. Da Satumba ta zo, sai da Amazon ta kafa doka kada mutum ɗaya ya fitar da littafi fiye da 3 a rana ɗaya. Littafi 3 a rana! Ɗan'uwanmu kuwa shekara 3 bai gama ɗaya ba.

Duk da haka kada mu yi saurin la'antar abin. Tun dā ba kowane mai-magana ne ke riƙe alƙalaminsa da kansa ba. Mu da mu ke yara mun tarar da malamin wasiƙa a gindin itace kusa da gidan waya, da ɗan teburinsa da ambulan. Tsohuwa ta zo ta zauna, ta ce a rubuta wa ɗanta da ke Ikko. Gaisuwar farko ba ita ke tsara ta ba, malamin ya san yadda a ke yi. Ita dai ta faɗi abin da ke zuciyarta: rufin ɗaki ya zube, ƙanwarsa ta sami miji, akuyar nan ta mutu. Sa'anda ya gama, sai ya karanta mata daga fari har ƙarshe. In ta ji ya ce akuya biyu, ta ce a'a, ɗaya ce. In takardar mai-nauyi ce, ta bashi ko ta gado, sai ta dangwala yatsa. Ba wanda ya taɓa cewa tsohuwar nan ta yi ƙarya don ba hannunta ya yi rubutun ba. Wasiƙarta ce. Maganar daga cikinta ta fito, ta ji an maimaita mata, ta kuwa yarda a kama ta a kanta.

Masu-karatun Littafi Mai-tsarki sun san haka. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wani Tartiyas ne ya rubuta ta, har ya sa gaisuwarsa a ƙarshe. A waɗansu wasiƙun Bulus ya kan karɓi alƙalamin ya rubuta gaisuwar ƙarshe da hannunsa, domin a san tasa ce. Irmiya ma Baruk ne ya rubuta masa, sa'anda kuwa sarki ya ƙone takardar, Irmiya ya sake faɗa, Baruk ya sake rubutawa. Ku lura da wannan. An ƙone takarda amma magana ba ta ƙone ba, domin tana cikin mutumin. Ga awon da za mu ba ɗan'uwanmu: in wuta ta cinye babi 6 ɗin nan da inji ya rubuta, za ka iya zama ka sake faɗin abin da ke cikinsu? Ba kalma da kalma ba, amma jigon maganar, da dalilinta, da misalanta? In za ka iya, injin ya zama malamin wasiƙarka. In ba za ka iya ba, kai ne ka zama mai-dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba.

Gama mene ne suna bisa bangon littafi? Ba ado ba ne. Lamuni ne. Mai-sayen littafi ba shi da hanyar da zai bincika kowane shafi kafin ya biya kuɗinsa. Yana duban sunan ya ce, malam wane ne, shekara 20 yana koyar da yara, abin da ya faɗa ya gani ne. Da wannan amana ya ke karantawa, da ita kuma zai hori ɗansa ko ya ƙyale shi. Inji ba ya iya tsaya wa kowa lamuni. Ba shi da gida da za a je a same shi, ba shi da fuska da za ta ji kunya a kasuwa. A 2023 waɗansu lauyoyi a Niyu Yok sun kai wa kotu takarda mai-ɗauke da tsofaffin shari'u 6 waɗanda ba a taɓa yi ba, ChatGPT ne ya ƙaga musu. Alƙali bai kira injin ba. Lauyoyin da suka sa hannu ya ci tarar dala 5,000. A watan Maris 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara a Washinton ta tabbatar da cewa abin da inji ya yi shi kaɗai, ba mutum a matsayin mai-shi, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta rufe shi ba. Shari'ar ƙasar wasu ce, ba tamu ba, amma hankalin da ke cikinta tsohuwar nan ta gidan waya ta riga ta san shi. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Akwai kuma wani abu da mu ke so mu faɗa wa ɗan'uwanmu a hankali, kada ya ji zafi. Ya ce ya tsaya a babi na 4. Mun tambaye shi a kan me babi na 5 ya ke, ya ce a kan bulala. To, ashe ba kalmomi ne suka ƙare masa ba. Malami ne da aka yi wa bulala yana yaro, shi ma ya yi wa waɗansu, yanzu zuciyarsa ta rabu biyu a kan al'amarin. Tsayawar nan ba lalaci ba ce, ita ce aikin. Mutum ya kan zauna da takarda fara a gabansa domin bai san abin da ya gaskata ba tukuna, wahalar neman kalma kuwa ita ce ke tilasa shi ya yanke. Inji zai ba shi babi mai-kyau a kan bulala, da ɗan wannan gefe da ɗan wancan, ba wanda zai yi fushi. Za a buga littafin, shi kuwa har yanzu bai san abin da zai yi da yaron da ya makara gobe da safe ba.

Yanzu sai maganar gyaran rubutu, watau aikin edita. A nan ne abin ya fi wuya, a nan kuma mu kanmu muka yi tuntuɓe.

Edita na gari ba ƙaramin abu ba ne. Abubakar Imam bai rubuta Magana Jari Ce shi kaɗai a cikin ɗaki ba. A Zariya ya yi aikin tare da Rupert East, wanda ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Turawa da na Indiya, yana kuma duba abin da ya rubuta. Littafin ya fito kashi 3 daga 1937 zuwa 1939. Labarun da yawa na aro ne, hannun edita kuma yana ciki, amma ba wanda ya karanta shafi biyu ya yi shakka ko na wane ne, gama kowane labari sai da ya bi ta bakin Imam ya fito Bahaushe. Edita na gari ya kan sa marubuci ya ƙara zama shi kansa.

Bara wani dattijo a gundumarmu, tsohon mai-bishara, wanda ya haura shekara 80, ya kawo mana littattafan makaranta 4 cike da labarin zamansa. Idonsa ya yi rauni, rubutun ya karkace, ba ƙugiya bisa harufa, ba aya sai inda numfashinsa ya ƙare. Wani saurayi ya buga mana su a kwamfuta. Da muka ga yawan gyaran da ke gabanmu, ga kuma aikin ekklesiya, sai muka ce a ba injin ya gyara, ya kuma kyautata Hausar domin ta isa bugawa. Kalmar nan, kyautata, daga bakinmu ta fito, laifinta kuwa namu ne.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta, ya yi aiki. Ƙugiyoyi sun koma wurarensu, ko da ya ke ya sa waɗansu inda ba su. Ya raba maganar sakin layi sakin layi. Har ya nuna mana cewa dattijon ya ba da shekarar aurensa iri biyu a wurare biyu, abin da mu ba mu lura ba. Aikin da zai ci mana wata guda ya ƙare da maraice ɗaya. Muka ɗauki takardun muka tafi gidansa da murna domin mu karanta masa.

Tun shafin farko ya fara motsi bisa tabarma. Shi mutumin arewacin Katsina ne, kalmominsa na can duk an sauya su da na littafin makaranta. Waɗansu jimlolin kuma, ko da ya ke kalmomin na Hausa ne, ƙashinsu na Turanci ne, sai ka ce Bature sanye da babbar riga. Dalilin wannan a fili ya ke: rubutun Hausa da injin ya sha kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na Turanci, a cikin kaɗan ɗin ma da yawa fassara ce. Dattijon bai ce kome ba har muka kai labarin farin 1973. A littafinsa ya rubuta cewa a shekarar nan yana da buhun gero guda da ya binne a ƙarƙashin gadonsa, maƙwabcinsa ya zo roƙo da dare, ya rantse masa ba shi da ko tiya, kwana 9 bayan haka aka binne ƙaramar 'yar mutumin. Ya rubuta shi haka, tsirara, cikin layi 6. Abin da muka karanta masa kuwa cewa ya yi, a lokacin farin ya fuskanci zaɓi mai-wuya a kan ɗan abincin da ya rage wa iyalinsa, abin da ya koya masa darasi mai-zurfi game da tausayi.

Ya ɗaga hannu, muka yi shiru. Ya ce, “Fasto, wannan mutumin kirki ne. Amma ba ni ba ne.” Ya ce shekara 50 yana ɗauke da buhun nan, saboda shi ya sayi littattafan ya fara rubutu, sauran labarin duk rakiya ce.

Ba mu ce injin ya yi mugunta ba. An ce masa ya kyautata, shi kuwa ya kai maganar inda yawancin rubutu ya kan tafi, watau wurin da ba mai-jin zafi. Amma edita mai-rai, wanda ya zauna bisa tabarmar nan ya ga yadda hannun tsohon ya ke rawa, da ya san layi 6 ɗin nan ba a taɓa su. Mu ne ya kamata mu zama editan nan, muka ba da aikinmu aro. Abin da ya cece mu shi ne al'adar malamin wasiƙa, watau karanta wa mai-magana kafin ya dangwala yatsa. Da mun aika wa maɗaba'a kai tsaye, da yanzu jikokinsa suna karanta labarin wani mutum dabam mai-sunan kakansu.

Akwai maganar inda injin ya samo iliminsa, ba za mu daɗe a kanta ba. Marubuta da yawa sun kai ƙara cewa an ɗura littattafansu ba da izninsu ba. A ƙarar da aka kai kamfanin Anthropic, wani alƙali a Kalifoniya ya yanke a watan Yuni 2025 cewa koyar da inji da littafin da aka saya halal ne a dokarsu, amma tara littattafan sata daga intanet wani abu ne dabam. A watan Satumba kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 1,500, wajen dala 3,000 a kan kowane littafi. Mai-amfani da injin ba shi ne ya yi satar ba, amma ya kamata ya sani cewa ruwan da ya ke sha, waɗansu ne suka haƙa rijiyar, yawancinsu kuwa ba a tambaye su ba.

Wani zai ce, ku masu-ilimi kuna da abokai da za su duba muku rubutu. Talaka a ƙauye fa, wanda ba shi da edita, ba shi da ƙamus, ba shi da kuɗin biyan kowa? Wannan magana tana da ƙarfi, ba mu kuwa raina ta ba. Mace mai-sanin maganin yara wadda rubutunta bai nuna ba, makaho mai-labari a baki, manomi da ya san ƙasa fiye da malamin gona: in injin zai zama musu malamin wasiƙa, ya ɗauki maganarsu ya shimfiɗa ta bisa takarda, muna murna da zuwansa. Littattafai da yawa sun tafi kabari tare da masu-su saboda rashin mai-rubutawa. Abin da mu ke roƙo kaɗai shi ne a sami mai-karanta musu abin da ya fito, su ji da kunnensu, su ce i ko a'a.

Sa'an nan a faɗa wa mai-karatu. A watan Janairu 2024 wata marubuciya ta Japan, Rie Kudan, ta ci babbar kyautar adabi ta ƙasarsu mai-suna Akutagawa, ta kuma faɗa a gaban 'yan jarida cewa wajen kashi 5 cikin 100 na littafin daga inji ya fito. An yi ta gardama, amma ba a karɓe kyautar ba. A cikin labarin nata akwai inji mai-magana, ta kuwa bar inji ya yi maganar inji. Ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba, ba ta ɓoye ba. Amazon ma tun Satumba 2023 ta ce wanda inji ya rubuta masa sai ya shaida mata, ta bambanta shi da wanda ya rubuta da kansa inji ya taya shi gyara. Iyakar nan ba kullum ta ke a fili ba, mun sani. Amma akwai awo mai-sauƙi: abin da za ka ji kunya a rubuta a shafin farko na littafinka, cewa ga yadda aka yi shi, kada ka yi shi. (Maganar wa'azin da a ke ɗaukowa daga waya ran Asabar da dare ba mu taɓa ta ba. Wannan sai wani watan, dattawan ekklesiya kuwa su shirya.)

Saboda haka ga amsarmu ga malamin makaranta. Ka rufe wayar, ka zauna da babi na 5 har ka san abin da ka gaskata a kan bulala, ko da zai ci maka wata shekara. Ka rubuta shi da mugun rubutunka, da misalin yaran da ka sani, ba tare da sunayensu ba. In ka gama, ka ba injin ya duba maka harufa da aya, ya nuna maka inda ka maimaita kanka, ko inda babi na 2 ya yi gardama da na 7. Ka ce masa ya nuna, kada ka ce masa ya gyara. Kowace shekara, da kowane suna, da kowane adadi da ya ba ka, ka nemi tushensa a wani wuri kafin ka yarda. Sa'an nan ka karanta wa matarka, ko wani malami ɗan'uwanka, da ƙarfi. Inda suka ce wannan ba bakinka ba ne, ka soke.

Littafin dattijon kuwa mun koma kan littattafansa 4 na makaranta. Kowace Talata da la'asar mu kan tafi gidansa, mu karanta masa shafi 5 ko 6, ya ce a bar wannan, a cire wancan. Shekarar auren ya ce ta biyun ce daidai, matarsa daga cikin ɗaki ta ce ta farkon ce, muka bi tata. Kalmominsa na Katsina sun koma. A shafin farko za a rubuta cewa an duba harufa da taimakon inji, sauran kuwa maganar mai-ita ce. Mun kai littafi na 3 yanzu. Ran da muka zo kan buhun geron, ya sa aka kira jikan maƙwabcin nan, wanda ke da shagon ɗinki a bakin kasuwa, ya zauna a bakin ƙofa, sa'an nan ya ce mu karanta.